Yadda Seu Belarmino Ya Sassaƙa Kansa

Duk wanda ya taɓa bi ta layin bayan kasuwar garinmu ya san shagon Seu Belarmino, ko da bai san sunan mai shi ba. Seu muke ce wa magidanci a nan, uwargida kuwa Dona. Shagon nan ne da ƙafafu ke reto a saman ƙofa. Ƙafafu, hannuwa, kawuna, ƙiraza, har da ƙoda biyu da wani direba ya sa aka yi masa bai dawo ya karɓa ba, duk na itacen umburana, suna ƙamshi idan rana ta buɗe. Wanda ciwo ya kama ya yi wa Waliyyi Faransis bakance, in ya warke sai ya zo Belarmino ya sassaƙa masa gaɓar da ta warke. Watan Oktoba na kamawa mai bakancen ya hau babbar mota ya kai gaɓar garin Kaninde, ya ajiye a ɗakin godiya na waliyyin cikin 'yan'uwanta. Haka iyayenmu suka yi, haka muke yi.

Wurin kawunsa ya koyi sana'ar. Kawun ya ɗauke shi tun shekarar babban farin da ya cinye awakin ubansa, ya rene shi cikin ɓawon itace, da zai mutu ya bar masa gizago da wuƙaƙe da doka guda: ba a sassaƙa gaɓa sai ta warke. Belarmino ya riƙe dokar nan fiye da wanda ya kafa ta. In ka zo wurinsa sai ka nuna shaida. Mai ƙafa ya yi tafiya a gabansa, mai ido ya karanta lambar motar da ke wucewa, mai kunne a raɗa masa zagi daga nesa a ga ko zai juyo. Masu basir kaɗai yake yarda da maganarsu ba bincike.

Gajere ne, mai faɗin ƙirji, kuma gardama a wurinsa kamar abinci. Ya auri Dona Zuleide mai sayar da dambun masara a bakin kasuwa, suka haifi 'ya'ya mata, duk suka yi aure a birnin Fortaleza, gida ya koma daga shi sai ita sai kaji.

Fada Honório, limamin cocin yankinmu, ƙauyuka sun yi masa yawa, sai hanya ta yi kyau yake zuwa mana a kan babur. Saboda haka cocinmu na yau da kullum barandar Dona Perpétua ce, inda ake taruwa ran Alhamis da yamma a ja carbi. Dona Perpétua tsohuwar ungozoma ce, rabin garin ta hannunta ya shigo duniya, shi ya sa ba wanda ke iya yi mata girman kai. Ita ta riƙe wa Belarmino babbar 'yarsa ranar baftisma, tun daga nan suke kiran juna kompadre da komadre, kamar yadda iyayen yaro da iyayen baftismarsa ke yi a nan, suna kuma faɗa kamar 'yan ɗaki ɗaya. A barandar yana da kujerarsa ta fata kusa da randar ruwa. Daga can yake amsa addu'a da muryar da ke tayar da karnukan maƙwabta, daga can kuma yake yi wa kowa gyara. Wance ta yi sauri, wane ya haɗiye kalma, waƙar nan ba haka uwarsa ke yin ta ba. Mutane sun saba da shi kamar yadda ake sabawa da ƙofa mai ƙara.

To, wata safiya, ya haura sittin da 'yan kai, ya durƙusa gefen ragar kwanciyarsa zai yi addu'a kamar kullum, sai ya tarar babu kowa. Kalmomin suna nan, ya san su kamar sunansa. Wanda ake faɗa wa ne babu. Ba mutuwa aka yi masa ba, ba ciwo, bai ɓata da kowa ba, jiya ma wake da busasshen nama ya ci ya kwanta lafiya. Ya canza gwiwa ya sake. Ya fita tsakar gida ya gwada a tsaye. Daga baya ya kwatanta wa matarsa cewa kamar ka zura guga ne a rijiyar da kake sha tun kana yaro, ka ji ya buga ƙasa ƙwal.

Da farko ya ci gaba da zuwa baranda yana motsa baki, sai ya riƙa jin kansa kamar ɓarawo a gidan suna. Ya daina zuwa, ya ce bayansa ke ciwo. Amma a shago abin ya fi cin sa. Mace za ta shigo tana ɗaga hannun da ya shekara a sanƙare, tana cewa Allah ya ji kukanta, shi kuwa yana auna hannun da igiya yana jin hassada har maƙogwaro. Ya yanke a ransa cewa da ya gama aikin da ke gabansa zai rataye gizago. Mutumin da Allah ya rufe wa ƙofa, ina shi ina sassaƙa godiyar mutane?

Dona Zuleide ce ta matsa masa har ya faɗa mata. Ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, ta rantse, ta ɗaura ɗankwali ta nufi gidan Dona Perpétua, domin a ganinta ungozoma ba ta cikin kowa. Ran Alhamis ba a ja carbi da wuri ba. An zauna ne a gano wace gaɓa ce ta Belarmino ta lalace, tunda ba a yi wa waliyyi bakance a dunƙule, sai an faɗi abin da za a kai masa.

Seu Firmino mai aski ya ce kai ne, shi ke aske kan nan tun suna samari, kuma ya daɗe yana jin yana ɗaukar zafi ta ƙeya. Dona Zuleide ta ce zuciya ce, ko kuma ciki, domin a wurin mijinta ba ta taɓa iya raba su ba. Wata ta ce gwiwa, tunda da ita ake durƙuso. Lindalva 'yar mahauci, wadda ke da tsohon ciki a lokacin, ta ce harshe ne ya gaji, an yi masa aiki fiye da kima. Aka yi ta ja har gahawa ta huce. Dona Perpétua ta buga sandarta a ƙasa ta ce tunda ba wanda ya sani, a yi bakancen mutumin gaba ɗaya, daga kai har ƙafa, daidai girmansa, waliyyi ya duba da kansa ya ga inda ya gyara. Suka durƙusa suka yi alkawari. Sai da aka shafa amin sannan wani ya tuna wane ne ke sassaƙa a garin.

Washegari suka cika ƙofar shagon, Dona Perpétua a gaba.

"Kompadre, aiki muka kawo maka."

"Wa ya warke?"

"Bai warke ba tukuna."

"To kin san dokata, komadre."

"Dokar gaɓa ce. Kawunka bai ce komai a kan mutum sukutum ba. Guda ɗaya muke so, gajere, mai faɗin ƙirji, mai taurin kai."

Belarmino ya dubi matarsa. Ita kuwa ta ɗaga kai tana nazarin ƙafafun da ke rataye kamar yau ta fara ganin su. Ya ce ba zai yi ba, ya ce su fita masa daga shago, ya ce ciwonsa ba na kasuwa ba ne. Dona Perpétua ta bari ya gama, sannan ta ce ba komai, alkawari dai ya riga ya fita daga baki, za su kai aikin wurin Seu Otoniel na ƙauyen gaba. Kowa kuwa ya san Otoniel. Duk kan da ya sassaƙa, na namiji ko na mace ko na jariri, da surukarsa yake kama.

"In ka yarda ka zauna gaban waliyyi har tashin duniya da fuskar tsohuwar nan, ruwanka," in ji ta.

Kafin rana ta yi zafi washegari an ga Belarmino a bakin rafi yana zagaya wani gungume.

Gungumen a lanƙwashe yake, don haka dole mutumin ya fito a zaune. Ya aro madubin Seu Firmino ya jingina a bango, ya duba ya sara, ya duba ya sara. Bai taɓa kallon fuskarsa haka ba, bai kuma ji daɗin abin da ya gani ba. 'Yan baranda suka mai da shagon wurin hira, kowa da gyaransa, aka rama masa na shekara da shekaru. Seu Firmino ya ce sanƙon bai kai inda ya kamata ba. Dona Zuleide ta ce ya rage tumbi, ya mayar da shi, kada waliyyi ya ce wani aka kawo masa. A kan bakin ne kawai ya ƙi sauraron kowa. Sun so a bar shi a buɗe, yadda aka san shi, shi kuwa ya sassaƙa shi a rufe gam, ya ce wanda bai so ba ya je wurin Otoniel.

Da aka gama, sai wata matsalar ta taso. Ba za a kai mutumin itacen Kaninde ba tunda mai shi bai warke ba, yin haka yi wa waliyyi ƙarya ne. A shago ba wuri. Aka kai shi gida, Dona Zuleide ta yi karo da shi a ƙofar kicin ta zubar da tukunyar wake, ta ce fuskar nan guda ɗaya ta ishe ta gani a gida. Sai Dona Perpétua ta ce ai kujerarsa na nan ba kowa a kai. Aka ɗora shi a baro aka tura shi ta tsakiyar gari, aka zaunar da shi kusa da randa, aka ɗora masa malafa a gwiwa, aka rataya masa carbi a hannu.

Abin da ba wanda ya zata shi ne, mutane sun so shi.

Ba ya gyara wa kowa addu'a. Mai sauri ta yi saurinta, mai haɗiye kalma ya haɗiye, shi dai yana zaune da kai a ɗan sunkuye kamar mai tausayin kowa. Aka fara gaishe shi in an shigo. Dona Zuleide ta kan zuba masa gahawa da mazarƙwaila, in ta huce ta shanye da kanta don kada a yi asara. Wasu suka fara zuwa da wuri su zauna kusa da shi su faɗi damuwarsu ƙasa-ƙasa, su tashi suna cewa sun ji sauƙi. Aka sa masa suna Belarmino Mai Haƙuri, don a bambanta. Da Fada Honório ya zo, tabaransa ya yi ƙura daga hanya, ya dafa kafaɗar Mai Haƙuri ya yi masa magana mai tsawo, sannan a huɗuba ya ce duk mai shakkar cewa Allah na canza mutum ya dubi ɗan'uwanmu Belarmino. Ba wanda ya ga amfanin gyara wa Fada.

Duk wannan yana isa kunnen Belarmino na shago, domin Dona Zuleide ba ta rage masa komai. A hanya in an gamu da shi a kan ce, "Sannu Seu Belarmino, ya ɗayan?" Ran Alhamis da yamma layinsa kan yi tsit, ya zauna shi kaɗai a ƙarƙashin ƙafafun mutane yana jiyo muryoyin baranda daga nesa, suna hawa suna sauka ba tare da shi ba. Ya kan rufe ido ya gwada. Babu. Abin da ya fi ba shi tsoro shi ne ya fara sabawa da babun.

Lindalva ta haihu, namiji. Labari ya zo masa cewa tana tambaya ko coci zai yarda Mai Haƙuri ya zama uban baftismar yaron, tunda ba ya sha, ba ya faɗa, kuma kullum an san inda yake. Belarmino ya ajiye wuƙar da ke hannunsa, ya ɗauki gizago. Ranar kuwa Alhamis ce.

Ya same su a tsakiyar carbi. Ya tsaya a bakin baranda da gizago a kafaɗa, ya ce ya zo ɗaukar kayansa, yau za a dafa wake da shi. Mata biyu suka tashi suka tare gaban kujerar. Seu Firmino ya ce ya ji tsoron Allah, bawan Allah bai yi masa komai ba.

"Gungume ne," in ji Belarmino. "Ni na ɗauko shi a bakin rafi, akwai kashin akuya a jikinsa. Ba ya addu'a. Ba ya jin komai. Ku ƙwanƙwasa ku ji, babu komai a ciki."

"Kai fa?" in ji Dona Perpétua.

Gizagon ya yi masa nauyi ya sauke shi.

"Ni ma babu," ya ce. "Ina kira ba a amsawa. Ban san laifin da na yi ba. In na zauna a nan ƙarya nake yi muku, shi ya sa na daina zuwa."

Sai Seu Firmino ya yi gyaran murya, ya ce shi kam tunda an fara, shekarun da matarsa ta yi a kwance bakinsa kawai ke motsi a barandar nan, lissafin kawunan da zai aske yake yi a zuci, kuma bai san ranar da abin ya dawo ba, ya dai waiga wata rana ya gan shi. Wata tsohuwa ta ce nata yakan tafi duk shekara in ruwa ya yi jinkiri. Dona Zuleide ta ce ita ma ta taɓa yi, mijinta ya juyo ya tambaye ta yaushe, ta ce lokacin da yake gyara mata. Belarmino ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da ya shekara da shekaru yana ƙirga musu kuskure, ashe rabinsu da busasshen guga suke zuwa.

"Ni da nake ja muku carbin," in ji Dona Perpétua, "tun bikin Ista nake jan sa a bushe. Amma ba a taɓa yin Alhamis da muka bushe gaba ɗaya ba, kompadre. Kullum akwai mai ɗan ruwa, da nasa ake sha." Ta nuna Mai Haƙuri da sanda. "Wannan bai taɓa cewa ko amin ba, kuma muna lissafawa da shi. Kai da kake da numfashi za mu kora? Zauna ka rufe bakinka, mu za mu faɗa."

Ya duba inda zai zauna. Kujerarsa da mai ita, kuma ya ga a fuskokinsu ba wanda ke da niyyar tayar da shi. Lindalva ta matsa a benci. Ya zauna a ƙarshe, rabin jikinsa a waje, kafaɗarsa na gogar ta itacen. Aka ci gaba daga inda aka tsaya.

Ba abin da ya faru. Bai ji komai ba ranar, bai ji ba Alhamis ta gaba. Ya dai riƙa zuwa ya zauna shiru, muryoyin mutane suna bi ta kansa kamar ruwa a kan dutse. Belarmino na shago ne ya zama uban baftismar yaron daga ƙarshe, bayan Fada ya goge tabaransa ya yi bayanin cewa itace ba ya zama uba. Gizago ma bai rataye ba, domin Dona Perpétua ta ce godiyar ta masu ita ce, shi hannu kawai aka ara. Oktoba ta zo, direban babbar mota ya leƙo ya tambaya ko a ɗora Mai Haƙuri, Belarmino ya ce tukuna. Wata Oktobar ma haka.

Bai taɓa gaya wa kowa ranar da abin ya dawo ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Dona Zuleide dai ta ce ta fara jin ƙus-ƙus da safe gefen raga, ta ɗauka ɓera ne. A Oktoba ta uku, kafin direba ya tambaya, Belarmino ya je baranda da baro ya ce a ɗora.

Aka ƙi.

A lokacin mijin Lindalva ya tafi neman aiki birnin São Paulo ya daina kira, ita kuma ta daina zuwa ran Alhamis, ta ce bayanta ke ciwo. Makonni ke nan da aka ɗaura wa Mai Haƙuri ɗankwalinta yana riƙe mata wuri. Dona Perpétua ta ce ba za a tayar da shi yana tsakiyar aiki ba. Belarmino ya ce alkawari fa, ku kuka yi shi, ba ni ba. Aka sake zama, gahawa ta sake hucewa. Seu Firmino ne ya tuna cewa abin da aka faɗa wa waliyyi shi ne mutumin gaba ɗaya, daga kai har ƙafa, daidai girmansa. Ba wanda ya ambaci itace.

Haka aka ɗora Seu Belarmino a babbar mota cikin farar rigarsa ta zuwa coci, da ƙullin garin rogo da nama a cinya, ƙafafu da kawunan da ya sassaƙa wa mutane suna gwaruwa a buhuna kewaye da shi. A Kaninde 'yan baranda suka raka shi har ɗakin godiya, suka samar masa wuri a kan wani akwati tsakanin tarin hannuwa da tarin sanduna na guragun da suka miƙe. Dona Perpétua ta gyara masa wuyan riga, ta gaya wa waliyyi ga shi nan sun kawo, za su dawo su ɗauke shi in mota za ta tashi, domin matarsa na bukatarsa. Suka tafi neman abinci.

Ya zauna, malafa a gwiwa, kai a ɗan sunkuye. Masu ziyara suna ta wucewa. Wata mata daga nesa ta tsaya a gabansa ta daɗe, ta jawo hannun mijinta ta ce ya zo ya ga aiki, har gashin hanci an sa masa, ko wane gari ne ke da masassaƙi haka? Ta miƙa yatsa ta taɓa kumatunsa. Belarmino ya ji ta sarai, amma bai motsa ba. Yana tsakiyar addu'ar Ubanmu da ke cikin sama, ba ya so ya ɓace inda yake.